Ranar komawa aiki tun kafin haihuwa ake shirya ta

Yawancin matan da suka samu matsala da wurin aikinsu a kan hutun haihuwa ba wajen neman hutun suka same ta ba. Hutun kam ana bayarwa, har da fara'a da "Allah ya raba lafiya". Rigimar tana can tana jira a ranar dawowa. Ki zo ki tarar da wani zaune a kujerarki, ko albashin wata biyu ya shigo a gutsure, ko a ce miki ai babu wanda ya yi miki alkawarin tashi da wuri don shayarwa. A lokacin ga goyo, ga rashin barci, ga jiki bai gama komawa daidai ba, ba ki da ƙarfin ja-in-ja da kowa. Saboda haka duk abin da kike so ki tarar ranar da kika dawo, a rubuta shi, a sa masa hannu, tun cikin bai tsufa ba.

Kafin ki buɗe baki

Abubuwa uku ne ke yanke hukunci a kan haƙƙinki, kuma ya kamata ki karanta su kafin kowa a ofis ya san kina da juna biyu: dokar ƙwadago ta ƙasar da kike aiki, takardar ɗaukarki aiki tare da littafin ƙa'idojin ma'aikata, sai yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadago ta ƙulla da ma'aikatar idan akwai ƙungiya. Doka tana sa mafi ƙarancin abin da za a ba ki. Kwantiragi yana iya ƙarawa a kai, amma ba shi da hurumin ragewa. Idan doka ta ce mako 12, kwantiragi ya ce 16, naki 16 ne. Idan kwantiragi ya ce 8, wannan sharaɗin ba ya aiki ko da kin sa hannu a kansa.

Akwai ma'auni na duniya da ake auna dokokin ƙasashe da shi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fara tsara kariyar masu haihuwa tun 1919, ta sabunta a 1952, sannan a shekarar 2000 ta fitar da Yarjejeniya mai lamba 183. Wannan ta ƙarshe ta ce hutun kada ya gaza mako 14, kuma mako 6 na bayan haihuwa tilas ne. Kuɗin da mace za ta riƙa samu a lokacin hutun kada ya gaza kashi biyu cikin uku na abin da take samu a da. Shawarar da ta raka yarjejeniyar, mai lamba 191, ta nemi ƙasashe su yi ƙoƙarin kai hutun mako 18. Wannan yarjejeniya tana ɗaure ƙasashen da suka rattaba mata hannu ne kawai, don haka ba za ki kai ƙarar shugabanki da ita ba sai dokar ƙasarki ta ɗauke ta. Amfaninta gare ki shi ne ki san cewa abin da kike nema ba son rai ba ne, abu ne da duniya ta daɗe da amincewa da shi.

Tazarar da ke tsakanin ƙasashe kuwa babba ce. A Birtaniya mace tana da damar hutun mako 52, ana biyanta na 39, kuma a mako 6 na farko tana karɓar kashi 90 cikin 100 na albashinta. Faransa tana ba da mako 16, ya koma 26 daga ɗa na uku. Indiya ta ɗaga nata zuwa mako 26 a 2017 ga 'ya'ya biyun farko. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba da mako 12 da aƙalla rabin albashi. A Amurka dokar tarayya ta 1993 ta ba da mako 12 babu ko sisi.

Inda mata suka fi faɗawa rami shi ne sharuɗɗan cancanta, domin da wuya a ga dokar da ta ce "kowace mace" ta tsaya a nan. Ta Amurka sai kin yi wata 12 a wurin, kin yi aikin awa 1,250 a shekarar da ta gabata, kuma ma'aikatar tana da mutum 50 ko fiye. Ta Najeriya sai kin yi wata 6 a jere kafin rabin albashin ya wajaba. Ma'aikaciyar wucin-gadi, da wadda ke cikin watannin gwaji, da wadda wani kamfani ya ɗauka ya tura ta aiki a wani kamfanin, kowacce tana bukatar ta gano tun da wuri wane ne mai aikinta a idon doka, da kuma ranar da aka fara ƙirga mata wa'adi. Wani lokacin mako biyu kacal ne tsakanin wadda ta cancanta da wadda ba ta cancanta ba, kuma ranar fara hutu tana iya gyara wannan.

Rabin me?

Kalmar "cikakken albashi" ko "rabin albashi" tana yaudara. A wurare da yawa abin da ke shiga asusunki kashi-kashi ne: ainihin albashi, da alawus na gida, na sufuri, na aikin dare, da kamasho. A ce abin da kike karɓa 100 ne, ainihin albashi 40, alawus-alawus 60. Idan aka lissafa rabin a kan jimilla, za ki samu 50. Idan a kan ainihin albashi kaɗai aka lissafa, 20 za ki gani. Duka biyun a baki sunansu "rabin albashi". Ki nemi sashen kuɗi ya rubuta miki adadin da zai shigo a kowane wata na hutun, lamba da lamba, da abin da za a cire.

Ki tambayi waɗannan ma a zama ɗaya: wa zai biya, ma'aikatar ko asusun inshorar ma'aikata na gwamnati? Idan asusun ne, akwai fom da wa'adin cike shi, kuma jinkirin mako ɗaya a nan yana iya jawo wata guda babu kuɗi. Za a ci gaba da zuba kason fansho? Inshorar lafiya tana nan, kuma cikin kwana nawa bayan haihuwa dole a yi wa jariri rajista a cikinta? Wannan na ƙarshe ana yawan mantawa da shi, sai ranar da aka kwantar da jariri a asibiti a tuna. Sannan idan ma'aikatar tana ba da ƙari a kan abin da doka ta ce, ki duba ko akwai sharaɗin cewa sai kin dawo kin yi wata kaza, in ba haka ba ki mayar da ƙarin. Sharaɗi ne da ake sakawa sosai, kuma a ƙananan rubutu yake ɓoyewa.

Yaushe za ki faɗa, kuma wa za ki fara faɗa wa

Mata da yawa suna jira watanni ukun farko su wuce, saboda a cikinsu aka fi samun ɓari. Wannan dalili ne mai kyau. Amma idan aikinki ya haɗa da ɗaukar kaya masu nauyi, ko sinadarai, ko na'urar ɗaukar hoton ƙashi, ko doguwar tsayuwa, ko kwanan dare, ki faɗa da wuri, domin ba za a sauya miki aiki a kan cikin da ba a san da shi ba. Kariyar doka ma a aikace daga ranar da aka sani take farawa. Wadda aka sallama kafin ta sanar, zai yi mata wuya ta nuna cewa saboda cikin ne.

Akwai kuma wa'adi na ƙarshe. A Birtaniya sai kin sanar aƙalla mako 15 kafin makon da ake sa ran haihuwa. A Amurka kwana 30 kafin fara hutun. Ki nemo na wurinki, ki riga shi da nisa.

Shugabanki na kai tsaye ya fara ji, daga bakinki, kafin abokan aiki. Shugaban da ya tsinci labarin a bakin wasu yana shiga zaman da ɓacin rai, kuma ke za ki biya kuɗin wannan ɓacin ran. Ki nemi minti goma sha biyar a keɓe. Kada ki shiga da ban-haƙuri, don ba laifi kika yi ba, kada kuma ki shiga da kundin doka a hannu kamar mai shirin shari'a. Abin da za ki faɗa bai wuce haka ba: "Yallaɓai, ina da juna biyu, likita ya ce haihuwa a watan Yuni. Ina so mu tsara hutuna da wanda zai riƙe aikina tun yanzu, don kada komai ya tsaya. Zan kawo maka tsarin da nake tunani nan da mako biyu." Idan ya tambaye ki ko za ki dawo, amsar ita ce e, a rana kaza. Ko da a ranki kina kokwanto, wannan ba wurin bayyana shi ba ne. Babu macen da ta san yadda za ta ji sai jaririn ya zo, kuma kalmar "wataƙila" da ta fita daga bakinki yau ita za a kafa hujja da ita gobe a fara neman wanda zai gaje ki.

A ranar, kafin ki tashi daga aiki, ki tura imel, ki sa sashen kula da ma'aikata a ciki: na gode da zaman da muka yi yau, kamar yadda na sanar, ga ranar da ake sa ran haihuwa, ga takardar asibiti. Wannan ɗan saƙon shi ne tubalin farko. Ranar da ke kansa ita ce shaidarki cewa an sani.

Lissafin kwanaki

A nan nake so ki zauna da kalanda, domin a nan ake asarar makonni ba a sani ba. Ranar da likita ya ba ki ƙiyasi ce, kwana 280 daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe. Jarirai kaɗan ne ke zuwa a ainihin ranar. Daga mako na 37 zuwa na 42 duk lokacin haihuwa ne. To a ce hutunki mako 14 ne, kwana 98 ke nan, kika fara shi mako 4 kafin ranar, sai jaririn ya ƙara kwana 10. Kin cinye kwana 38 kina zaman jira. Saura 60. Za ki koma aiki jaririnki yana da mako 8 da kwana 4, alhali a lissafinki na farko mako 10 ne. Yarjejeniya ta 183 ta ce idan haihuwa ta yi jinkiri a tsawaita hutun kafin haihuwa ba tare da an taɓa makonnin tilas na bayanta ba, amma ba kowace ma'aikata ke bin haka ba. Ki tambaya kai tsaye: idan na wuce rana, ranar dawowata tana matsawa ko tana nan? Idan na haihu kafin ranar fara hutu, daga yaushe ake ƙirgawa? Idan aka kwantar da jaririn a asibiti na makonni, fa?

A ra'ayina, mace mai lafiya wadda aikinta ba na ƙarfi ba ne, kuma doka ta bar mata zaɓi, gara ta tura yawancin hutun zuwa bayan haihuwa, ta bar mako ɗaya ko biyu a gaba. Amma wannan hukuncin likitanki ne kafin ya zama naki. Mai hawan jini, ko mai ɗauke da tagwaye, ko wadda aka yi wa tiyata a haihuwar baya, lissafinta daban ne. Idan ciwo ya kwantar da ke kafin lokaci, ki nemi a rubuta shi a matsayin hutun rashin lafiya da takardar likita, muddin dokar wurinki ta yarda, don kada a zaftare shi daga hutun haihuwa.

Ki kula da kalmomi. Mako 12 kwana 84 ne, wata 3 kuwa ya kai kwana 90 ko fiye, kusan mako guda ke nan a tsakani. "Kwana 90" na kalanda da "kwana 90" na aiki tazararsu ta haura wata. Hutun shekara kuma haƙƙi ne daban. A ƙasashe da dama yana ci gaba da taruwa ko kina hutun haihuwa, kuma ana iya jona shi a ƙarshe. Wasu ma'aikatu suna cewa hutun haihuwa ya haɗiye na shekara. Idan aka ce miki haka, ki nemi a nuna miki inda aka rubuta.

Bayan kun daidaita, a zuba komai a takarda ɗaya: ranar farawa, ranar dawowa, abin da zai faru idan haihuwa ta zo da wuri ko ta makara, kuɗin kowane wata, sunan muƙamin da za ki dawo wa da matakinsa da wurin aikin, awannin da za ki riƙa yi a watannin farko, da lokutan shayarwa. Ki ajiye kwafi a imel ɗinki na kanki da kuma a takarda a gida. Akwatin imel na ofis ana iya rufe shi ranar da kika fi bukatarsa. Dalilin nacewa a kan rubutu ba zargin shugabanki ba ne. Mutumin kirki ma ana yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da alkawarinsa a baki, wanda ya gaje shi kuma fayil kawai zai buɗe.

Miƙa aiki

Ki fara rubuta takardar miƙa aiki a wata na bakwai, ki gama ta kafin mako na 36, don naƙuda ba ta jiran a kammala rahoto. Kowane aiki da ke hannunki, inda ya tsaya, wa'adinsa, wanda zai riƙe, da wanda ake kira idan ya cije. A saman takardar ki rubuta cewa riƙon ƙwarya ne daga rana kaza zuwa rana kaza. Wasu matan suna ɓoye sirrin aikinsu don a ji rashinsu. Ba dabara ba ce. Abin da ake tunawa shi ne ta tafi ta bar mutane cikin ruɗani, kuma wayarta ba za ta huta ba. Idan lokacin tantance ƙwazon shekara zai faɗo cikin hutunki, ki nemi a yi naki kafin ki tafi, ayyukanki suna sabo a idon kowa. In ba haka ba za a auna ki da watannin da ba kya nan, ƙarin girma ya wuce ki.

Ki yanke yadda za a riƙa tuntuɓarki: mutum ɗaya, hanya ɗaya, kuma a makonni shidan farko sai abin da ya shafi albashinki ko muƙaminki. Ki nemi a sanar da ke idan gurbin ƙarin girma ya fito ko za a yi garambawul. A Birtaniya doka ta ba da kwana 10 da mai hutu za ta iya shiga aiki a biya ta ba tare da hutun ya karye ba, kuma sai da yardarta. Inda babu irin wannan tsari, ki yi hattara da "ɗan duba mana wannan". Daga duba takarda ɗaya ake komawa aiki kyauta daga kan gado.

Watan dawowa

Mako huɗu kafin ranar, ki rubuta ki tabbatar da ita, ki nemi zama da shugabanki a ranar farko. Idan kina son sauya ranar, akwai wa'adin sanarwa. A Birtaniya mako 8 ne. Idan jikinki bai warke ba, takardar likita za ki kai, ba roƙo ba. Jinin biƙi yana kaiwa mako shida, ɗinkin tiyata yana bukatar kamar haka ko fiye kafin ɗaukar nauyi. Ƙuncin zuciya da yawan kuka na kwanakin farko yakan wuce cikin mako biyu. Idan ya zarce, ko kika kasa barci ko da jariri ya yi barci, ko komai ya fita daga ranki, ciwo ne mai magani, kuma dalili ne na hutun rashin lafiya kamar kowane ciwo.

Ki roƙi ranar dawowa ta faɗo Laraba ko Alhamis, don makon farko ya zama gajere. Mai raino ko gidan raino su fara aiki mako ɗaya ko biyu kafin ke, awa biyu, sai rabin yini, sai yini guda. Ki kuma tanadi mutum na biyu, saboda jaririn da ya shiga cikin yara zai yi ta kwasar mura da zazzaɓi a watannin farko, gidan raino kuma ba ya karɓar mai zazzaɓi. Wannan magana ce da za ki zauna ki yi da maigidanki tun da wuri: ranar da yaro ya kwana da zafin jiki, wa zai zauna? Idan kullum ke ce, a fayil ɗinki kaɗai fashin zai taru.

Idan sassauci kike nema, kamar rage awanni ko aiki daga gida wasu ranaku, ki kawo shi da siffa. "A tausaya mini" ba ya samun amsa mai ɗorewa. "Zan shigo ƙarfe 7 in tashi ƙarfe 3, na wata uku, sannan mu zauna mu duba" abu ne da shugaba zai iya cewa to a kansa, don ya ga iyakarsa. Ki tabbata an rubuta cewa na ɗan lokaci ne. Wadda ta sa hannu a sabon kwantiragin rabin lokaci ba tare da ranar komawa cikakke ba, tana iya neman awanninta daga baya a ce babu gurbi. Kuma idan an rage awanni da albashi, a rage aikin ma. Sau da yawa albashin ne kawai ke raguwa.

Shayarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla na wata shida, a ci gaba tare da abinci har shekara biyu ko fiye. Hutun yawancin ƙasashe bai kai wata shida ba, don haka wannan giɓin a wurin aiki ake cike shi. Yarjejeniya ta 183 ta ce a ba mai shayarwa hutu sau ɗaya ko fiye a rana, ko a rage mata awanni, kuma a lissafa lokacin a matsayin aiki a biya shi. Dokar Najeriya ta ce rabin awa sau biyu a rana. Ta Amurka ta wajabta lokaci da keɓaɓɓen wuri wanda ba banɗaki ba, har shekara guda bayan haihuwa.

Dalilin da ya sa ba a wasa da lokutan shi ne yadda jiki ke aiki: gwargwadon abin da aka fitar, gwargwadon abin da yake ƙerawa. Nonon da ya yini a cike yana gaya wa jiki ya rage. Kwana kaɗan na tsallake tatsa sun isa ruwan ya ja baya, ko mama ya yi tauri ya kumbura. Idan wuri ɗaya ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi da ciwon jiki, a ga likita a ranar. A yinin awa takwas, mai jariri ɗan wata uku tana bukatar tatsa kamar sau biyu zuwa uku, kusan kowace awa uku, minti 15 zuwa 20 kowanne, ban da wanke hannu, haɗa na'ura da wanke ta. Rabin awa ke nan a gaskiya. Ki sa lokutan a jadawalinki kamar taro, kada ki bar su sai an samu sarari, don ba za a samu ba.

Abin da za ki nema ɗaki ne mai ƙofa da ake kullewa, kujera, ɗan teburi, soket idan na'urarki ta lantarki ce, da ruwa a kusa. Jariri tsakanin wata ɗaya da shida yana shan kimanin mililita 750 a yini, wato kusan 30 a kowace awa da ba kya tare da shi. Rabuwar awa tara tana bukatar wajen 270 zuwa 300. Ki adana a ƙananan mazubai na mililita 60 zuwa 120, da kwanan wata a jiki, don abin da jariri ya sha ya rage ba ya wuce awa biyu. Sabon tatse yana awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, kwana 4 a firji, wata 6 a firiza. A cikin kula mai ƙanƙara yana kaiwa awa 24, wanda ya isa a kai shi gida. A firji a sa shi can ciki, ba a jikin ƙofa ba. Wanda aka narkar a yi amfani da shi cikin awa 24, ba a mayar da shi firiza, kuma a ɗumama shi ta hanyar tsoma mazubin a ruwan ɗumi. Ki fara tatsa sau ɗaya a rana mako biyu ko uku kafin komawa, da safe lokacin da ruwan ya fi yawa. Ba kya bukatar cika firiza. Na kwana biyu ya isa, domin na Litinin shi ake sha Talata. Wani ne zai koya wa jaririn sha da kofi ko bulumboti, ba ke ba, don idan yana jin ƙanshinki yana iya ƙi.

Idan kin dawo kin ga an sauya miki

Ƙa'idar ita ce ki koma kujerarki, ko wata daidai da ita a matsayi da albashi. "Daidai" kuma ana duba ta a zahiri. Idan an bar miki suna da albashi amma an kwashe mutanen da ke ƙarƙashinki, an ba wani manyan abokan cinikinki, an daina kiranki taron da kika saba zama, an rage miki matsayi ne ko ba a faɗa ba. Da wuya wani ya ce miki saboda haihuwa ne. Abin da za ki ji shi ne "mun sauƙaƙa miki saboda yaro", ko ki ga takardar tuhuma a kan makarar minti goma da a da ba a kulawa da ita, ko a mayar da ke reshe mai nisa ko aikin dare.

Matakin farko cikin ruwan sanyi ne, don wani lokacin shugaban da gaske yana ganin taimako ya yi. Ki ce kin gode da kulawa, amma kina son ayyukanki kamar yadda aka rubuta, kuma yaushe mai riƙo zai miƙo? Ki bi da imel. Ki buɗe littafi a gida: rana, lokaci, wanda ya faɗa, abin da ya faɗa da kalmominsa, da wanda ke wurin. Ki adana takardun albashi na kafin hutu da na bayansa, da sakamakon tantancewar shekarun baya, domin mace mai kyakkyawan sakamako shekara uku da ta zama "marar ƙwazo" wata biyu bayan haihuwa, takardun da kansu suna magana. Idan ba a gyara ba, sai ƙorafi a rubuce ta hanyar da littafin ƙa'idoji ya tsara, tare da wakilin ƙungiya idan kina da ita. Daga nan ofishin ƙwadago na gwamnati, wanda yakan fara da sulhu, sannan kotu. Yarjejeniya ta 183 ta ɗora wa mai aiki nauyin tabbatar da cewa korar ba ta da alaƙa da ciki ko haihuwa ko shayarwa, kuma ƙasashe da dama sun sa wannan a dokarsu.

Abu biyu ne nake roƙon kowace mace ta kiyaye, don su ne ba sa gyaruwa. Kada ki rubuta takardar ajiye aiki cikin fushi, ko don an ce miki "ya fi miki mutunci". Wadda aka kora tana da ƙara; wadda ta ajiye da hannunta sai ta fara tabbatar da cewa tilasta mata aka yi, kuma wannan hawa ne mai tsayi. Kada kuma ki sa hannu a kan wata takarda a cikin ɗakin da aka miƙo miki ita, ko ta sauya muƙami ce ko ta sallama da kuɗi. Ki ce za ki karanta a gida, ki nuna wa lauya ko ƙungiya. Idan aka matsa sai kin nuna kin karɓa, ki rubuta "na karɓa, ban amince ba tukuna", da kwanan wata.

Ki kuma san cewa ƙorafi yana da wa'adi, kuma gajere ne. A Amurka, misali, kwana 180 ne a kai ƙarar nuna bambanci gaban hukumar tarayya, ya kai 300 a wasu jihohi. Ana ƙirgawa daga ranar da abin ya faru, ba daga ranar da sashen kula da ma'aikata ya gama "duba lamarin" ba. Ranar da aka fara yi miki abin da bai dace ba, a ranar ki nemo wa'adin ƙasarki ki rubuta shi a shafin farko na littafin nan.